Ɗan aiken rauta ma yakan kawo labarin ƙarya

A manyan ma'aikatu irin Jami'ar Ahmadu Bello, wadda harkokinta suka rabu tsakanin Samaru da Kongo da Shika, ko rassan bankunan Sabon Gari, bai kamata a jira sai jama'a sun fara kukan "babu netwok" kafin a san layi ya mutu ba. Na'urar da ke raba hanyoyin intanet, wato rauta, tana da ɗan aike: lokaci zuwa lokaci takan tura ƙaramin saƙo zuwa wani adireshi, ta auna daɗewar amsa. Kamfanin Cisco na kiran tsarin IP SLA, Juniper kuma RPM, mafi sauƙin gwajin kuwa shi ne ping, wanda Mike Muuss ya ƙirƙiro a 1983. Da amsa ta daina zuwa, sai rauta ta karkata komai zuwa layin ko-ta-kwana.

Sai dai ɗan aiken kan ɓata hanya. Abin da ya fi wahalar da injiniyoyi shi ne a manta a ɗaure saƙon gwaji ga babban layin kaɗai. Babban layi ya yanke, rauta ta koma layi na biyu, saƙon ya bi ta can ya samo amsa, rauta ta ɗauka babban layin ya warke, ta dawo masa, ya sake mutuwa. Haka za a yini, intanet na zuwa yana ɗaukewa, ana ta zagin kamfanin sadarwa alhali laifin yana cikin ɗakin na'urorin ma'aikatar. Maganinsa a fayyace ƙofar da saƙon zai fita, a kuma sa rauta ta ɗan jira kafin ta sauya layi.

Wani lokacin kuma adireshin da ake tambaya ne ke ƙin amsa ping, ko katangar tsaro ta tare shi. Agogon rauta ma kan rikice bayan ɗaukewar wuta, idan ba a haɗa shi da tsarin daidaita agogo na NTP ba, lissafin jinkirin tafiya ɗaya ya zama shirme.

Zaɓen wurin da za a aika saƙon shi ma aiki ne. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku na WACS da MainOne da SAT-3 da ACE sun lalace a yankin Kwaddibuwa, intanet ya tsuke a Nijeriya. Rautar da ke gwada na'urar kamfanin da ke kusa da ita kawai za ta ce lafiya lau a irin wannan rana.

Saboda haka, Malam injiniya, ka gwada adireshi biyu ko uku, na kusa da na nesa. Kafin ka kira kamfani, duba ta wace ƙofa saƙonka ya fita.