Ƙarfen Rutiniyam da Ciwon Daji: Inda Bincike Ya Kai

Ciwon daji, wanda ake kuma kira sankara, daga ƙwayoyin halittar jikin mutum yake tasowa. Lafiyayyar ƙwaya takan rabu biyu in jiki ya bukata, sa'an nan ta dakata. Ƙwayar daji kuwa ba ta san dakatawa ba. Tana ta rabuwa har ta zama ƙari, daga nan ta bi jini ta yaɗu zuwa hanta ko huhu ko ƙashi. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2022 an sami 'yan Nijeriya fiye da 120,000 da suka kamu da wannan ciwo, kusan 80,000 kuma suka rasu. Abin da ya sa maganinsa ke da wuya shi ne, ɓarawon ɗan gida ne: dafin da zai kashe ƙwayar daji yakan taɓa lafiyayyun 'yan'uwanta.

Magani daga ƙarfe

A 1965 wani masani a Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka, Barnett Rosenberg, ya tsoma sandunan ƙarfen filatinam cikin ruwan da yake kiwon ƙwayoyin cuta, ya saki lantarki. Sai ƙwayoyin suka daina rabuwa. Da aka bincika, aka ga ashe ba lantarkin ba ne, wani sinadari ne da ya samu daga filatinam ɗin. Daga nan aka sami maganin sisfilatin, wanda Amurka ta yarda da shi a 1978, kuma har yau likitoci na ba da shi a asibitocin koyarwa na ƙasar nan. Ya yi aiki ƙwarai, musamman ga ciwon daji na maraina, inda fiye da tara cikin goma na masu ciwon ke warkewa. Amma yana wahalar da ƙoda, yana sa amai mai tsanani, yana rage ji, sa'an nan wani ƙarin yakan saba da shi har ya daina jin maganin.

Wannan ya sa masana suka waiwayi dangin filatinam. Ɗaya daga cikinsu shi ne rutiniyam, farin ƙarfe mai tauri wanda Karl Claus ya gano a Kazan ta ƙasar Rasha a 1844. Ba shi da yawa a duniya, akasarinsa daga ma'adinan Afirka ta Kudu ake samu. Abu biyu suka sa aka ɗora masa rai. Na farko, ya yi kama da sinadarin ƙarfen da ke cikin jini, don haka furotin na jini kan ɗauke shi kamar ɗan dako. Na biyu, ana zaton waɗansu magungunansa kan shiga jiki kamar suna barci, ba su farkawa sai sun isa cikin ƙari, inda iskar oksijin ta yi ƙaranci. Masana ba su gama jayayya a kan waɗannan biyu ba.

Uku da suka kai ga mutane

An haɗa ɗaruruwan magungunan rutiniyam a ɗakunan bincike, amma kaɗan ne ƙwarai aka gwada a jikin ɗan'adam. Na farko shi ne NAMI-A, na masanan Jami'ar Trieste ta Italiya. A jikin ɓeraye bai cika rage uwar ƙarin ba, sai dai yakan hana shi yaɗuwa zuwa huhu, wanda kuwa yaɗuwar ce ke kashe yawancin masu ciwon. An fara gwada shi a Amsterdam a 1999. In an ƙara yawansa, sai bororo mai zafi ya fito wa majiyyata a hannu da ƙafa. Daga baya aka haɗa shi da wani magani ga mutum 32 masu ciwon daji na huhu. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna amfanin bai kai a ci gaba ba.

Na biyu, KP1019 na Bernhard Keppler, ya ci karo da matsalar ƙin narkewa sosai a ruwa. Aka sake masa siffa, yau ana kiransa BOLD-100, ana kuma gwada shi tare da magungunan da aka saba ga ciwon daji na hanji da ciki da makamantansu.

Na uku, TLD-1433, ya fi ban sha'awa. Ba ya aiki sai ya ga haske. Likita kan ɗura shi cikin mafitsara ta siririn bututu, a jira ƙwayoyin daji su tsotse shi, sa'an nan a zura zaren gilashi mai kai koren hasken leza. Da hasken ya sauka, maganin sai ya mai da oksijin ɗin wurin dafi, ya hallaka ƙwayoyin da ya shiga. An shiga mataki na biyu na gwajinsa a Kanada a 2019. Wannan ya shafi jama'armu, domin tsargiya da aka bari ta daɗe tana iya jawo ciwon daji na mafitsara. Sai dai gwajin na waɗanda ciwon bai ratsa naman mafitsara ba ne, watau waɗanda suka zo da wuri.

Wani nau'in rutiniyam dabam, mai fitar da tururin nukiliya, tuni yana aiki a asibitocin ido na Turai tun shekarun 1960. Ɗan faifai ne da ake ɗinkawa a bayan ƙwayar ido na 'yan kwanaki don ƙone ƙari, a cire.

Ƙunshin da ido ba ya gani

Nanomita shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashi ya kai nanomita 80,000. Dabarar ita ce a ƙunshe magani cikin ƙullin maiƙo ko furotin mai kimanin nanomita 100, don kada ya zuba a hanya. A 1986 masanan Japan, Matsumura da Maeda, suka nuna cewa jijiyoyin jinin da ƙari ke ginawa cikin gaggawa suna da ɓuli, kamar tsohuwar garwa, saboda haka irin wannan ƙulli kan yoyo ya taru a can. Maganin Doxil, da aka yarda da shi a 1995, da Abraxane a 2005, ƙunshi ne irin wannan, amma babu rutiniyam a cikinsu.

Ƙunshin zai iya warware wa rutiniyam matsalar narkewa da ta dafi, shi ya sa ake ta gwada shi cikin maiƙo da zinariya da sinadarin yashi. Akasarin wannan aiki bai wuce ɗakin bincike da dabbobi ba. Akwai kuma abin da ke sanyaya gwiwa: a 2016 masanan Jami'ar Toronto suka tattara gwaje-gwajen shekara goma, suka tarar ƙasa da kashi 1 cikin 100 na abin da aka yi wa dabba allura ke isa ƙari. Mai yawa daga sauran yakan maƙale a hanta da saifa.

Ya zuwa 2025 babu ƙasar da ta yarda a sayar da maganin rutiniyam, na sha ko na allura, don ciwon daji. Duk wanda ya tallata wa jama'a irinsa a tasha ko ta waya, ko ya liƙa wa kwalbarsa kalmar "nano", ƙarya yake yi, a kai rahotonsa ofishin NAFDAC mafi kusa. Wanda ya ji kullutu a nono, ko ya ga jini a fitsari ko bayan gida, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ya tafi babban asibiti a makon nan.