Hattara da Rububin Mastas a Kimiyyar Bayanai

Wata guguwa ta taso a tsakanin matasanmu masu digiri, kullum kuma ƙara ƙarfi take yi. Wanda ya karanta tarihi, da wadda ta karanta aikin jarida, da malamin makaranta, da ma'aikacin ƙaramar hukuma, kowa ka taɓa sai ya ce maka mastas zai tafi yi a kimiyyar bayanai. Tallace-tallace sun cika WhatsApp da Facebook da TikTok, bakinsu ɗaya: ba sai ka iya lissafi ba, ba sai ka taɓa rubuta manhaja ba, kai dai kawo kuɗi, baɗi war haka kana karɓar albashi da dala. Wannan ƙarya ce, ƙarya kuma mai cinye dukiya da ƙuruciyar mutane.

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Ƙofar wannan fanni a buɗe take ga wanda bai karanta kimiyya ba. Birtaniya ma a 2020 ta fara tallafa wa kwasa-kwasan sauya fanni, waɗanda aka tsara domin irin waɗannan ɗalibai. Haɗarin yana cikin shiga ba shiri, da sayen takarda kafin a mallaki ilimin da takardar ke shaida.

Duk wanda ya ce maka babu lissafi a ciki, ko dai bai san fannin ba, ko aljihunka yake hange. Kimiyyar bayanai a kan ƙididdiga take tsaye, da lissafin yiwuwar aukuwar abu, da aljabara, da kalkulas. A kan waɗannan ake ɗora Python ko R, da SQL da ake zaƙulo bayanai da shi daga rumbu. Mastas ɗin Birtaniya shekara ɗaya ne tak: zango biyu na darasi, sai rubuta kundi. Malami ba zai tsaya jiranka ka tuno lissafin da ka yi bankwana da shi tun ranar da ka fito daga jarabawar WAEC ba. Kafin ka gane darasin makon farko an kai na biyar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan ne wasu ke faɗawa rami na biyu. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, ɗalibin da ruwa ya ƙare masa sai ya miƙa masa aikin da aka ba shi, ya kwafo, ya kai wa malami. Idan an kama shi, kora ce da abin kunya. Idan ya sha, ya fito da takardar da ba ta da komai a bayanta. Ranar ganawar neman aiki za a ajiye masa kwamfuta da tarin bayanai masu datti, a ce ya tsaftace su, ya yi bayanin dalilin kowane mataki. A wannan ɗakin babu mai ceton sa.

Sai maganar kuɗi, inda abin ya fi ciwo. Kuɗin makaranta kawai ga ɗalibin waje a Birtaniya yakan haura fam 15,000, ban da haya da abinci da biza da kuɗin inshorar lafiya. Bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, fam ɗaya ya kai wajen naira 2,000, wato fam 15,000 ya zama kusan naira miliyan 30. A 2024 an ga yadda wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside suka kasa cika kuɗin makaranta saboda faɗuwar naira, har aka dakatar da karatunsu, aka umarce su da barin ƙasar. Tun Janairun 2024 kuma mai mastas na darasi ba ya da damar tafiya da mata da 'ya'ya, sannan a 2025 gwamnatin ƙasar ta sanar da rage izinin zama neman aiki bayan karatu daga shekara biyu zuwa wata 18. Ejan da ke lallashinka ba zai jaddada maka waɗannan ba, domin lada yake samu a kan kowane ɗalibi da ya kai. Shi zai karɓi nasa, ku kuma a bar ku da gonar gado da aka sayar da bashin da ya hau kan gida.

Kasuwar ma ba kamar yadda ake zuzuta ta take ba. Sunan da fannin ya yi ya samo asali ne tun wajen 2012, lokacin da mujallar kasuwanci ta Jami'ar Harvard ta ɗaukaka shi a matsayin aikin da ya fi kowane jan hankali a wannan ƙarni. A lokacin masana kaɗan ne. Daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 Meta ta sallami ma'aikata 11,000, Google 12,000, Microsoft 10,000. Sabon shiga yau yana gogayya ne da ƙwararru masu neman aiki, ƙananan ayyukan da ake farawa da su kuma ƙirƙirarriyar basira ta fara yin wasunsu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne cutar da rabin ilimi zai yi wa jama'a. A Ingila, a 2020, kusan mutum 16,000 da aka tabbatar suna da korona suka ɓace daga rahoton hukuma, saboda an zuba sakamakon a tsohon tsarin Excel wanda layukansa suka cika, aka makara wajen bibiyar waɗanda suka yi mu'amala da su. Ƙwararru ne suka yi wannan tuntuɓen. To ina ga wanda bai san bambanci tsakanin abubuwa biyu su zo tare, da kuma ɗaya ya haddasa ɗayan ba, aka damƙa masa jerin yaran da za a yi wa rigakafi, ko rajistar 'yan gudun hijira, ko rabon taki? Kowane layi da ya ɓata mutum ne ya rasa haƙƙinsa. Wannan amana ce, kuma za a tambaye shi.

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, gwada kanka kafin ka biya ko sisi. Ɗauko littafin lissafin sakandare, ka koma kansa kullum har ka daina tsoronsa. Koyi Excel sosai, sannan SQL, sannan Python. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 da horon Arewa Data Science Academy duk kyauta ne. Jami'o'inmu suna da difloma ta gaba da digiri a kimiyyar kwamfuta, wadda ita ce gadar da aka gina domin irinka. Nemo bayanai na gaske, kamar farashin hatsi a kasuwar Dawanau ko sakamakon jarabawar makarantarku, ka yi aiki a kansu daga farko har ƙarshe. Idan bayan wata shida kana jin daɗin wahalar, ci gaba. Idan ranka ya ƙi, ka tsira da dukiyarka, babu kuma abin kunya a ciki.

Kada kuma ka raina fanninka na farko, shi ne jarinka. Ma'aikaciyar jinya da ta koyi ƙididdiga ta fi baƙo gane bayanan asibiti. Masanin Hausa da ya koyi rubuta manhaja yana da gurbi a ayyukan koya wa na'ura harsunan Afirka, irin waɗanda Masakhane ke yi.

Ku kuma iyaye, kafin ku sa hannu a takardar sayar da fili, ku tambayi ɗanku ya nuna muku abin da ya riga ya koya da kansa. Ku nemi jerin darussan kwas ɗin, ku kai wa malamin lissafi ya duba. Ku lissafa kuɗin shekara gaba ɗaya, ku ƙara abin da zai faru idan naira ta sake faɗuwa. Wanda bai zauna wata shida yana koyo kyauta ba, bai cancanci a sayar da gonar gado dominsa ba. Ku hana shi yau, ya fi ku yi kuka tare gobe.