GAƁAR KOGI DA YASHINTA: YADDA ZA KA TSARE GONARKA TA FADAMA

Ya kai manomi, idan gonarka tana bakin Gulbin Zamfara ko Gulbin Ka, ko wani rafi a ƙasar Anka, Bukkuyum ko Gummi, wannan takarda taka ce. Kowace damina ruwa yana gutsurar gaɓa. Bana taku biyu, baɗi taku uku, wata rana sai ka tarar kunyoyin da ubanka ya nome sun koma tsakiyar gulbi. Mutanen Gummi ba su manta da ambaliyar watan Agusta na 2024 ba, wadda ta ci gidaje da gonaki masu yawa. Ba ka iya hana gulbi cika, amma kana iya rage ɓarnarsa.

YADDA RUWA KE CIN GAƁA

Je ka tsaya inda gulbi ya yi kwana. Ta bayan kwanar ruwa ya fi gudu da zurfi. Yana ƙwaƙule gindin gaɓa har saman ya rufta. Ta cikin kwanar kuwa ruwa a hankali yake tafiya, sai ya sauke yashin da ya ɗauko. Wato abin da ya ci a nan, shi yake zubarwa a can gaba. Laka abinci ce ga fadama, amma idan yashi tsantsa ya binne ta, shinkafa ba za ta yi ba.

AMFANIN YASHI

Kada ka ɗauka yashin gulbi banza ne. Yana shanye ruwan damina ya ajiye. Shi ya sa da bazara, gulbi ya ƙafe, in ka tona kamu biyu ko uku sai ka tarar da ruwa. Wannan ruwa ne ke tallafa wa rijiyoyin lambu da kake ɗora wa injin ban ruwa don albasa da tumatir da barkono. Dabbobi ma a nan suke sha.

Akwai kuma masu rai a wurin. Kififiya da tsuntsaye irin su ladin kogi a cikin yashi suke yin ƙwai. Kifi kuwa cikin ciyawar gaɓa yake hayayyafa idan ruwa ya hau. In ciyawa ta ƙare, masunci ma zai ji a jikinsa.

ABUBUWAN DA KE JAWO ZAIZAYA

1. Yin noma har bakin ruwa ba tare da barin ciyawa ba.
2. Sare itatuwan gaɓa don itacen wuta ko gawayi.
3. Ƙona ciyawar gaɓa da rani.
4. Gangarar da shanu ta ko'ina. Kofato yana farfasa gaɓa, ruwan sama ya bi sawun ya zama kwazazzabo.
5. Ɗibar yashi da tifa ko amalanke a gindin gaɓa.

Wannan na ƙarshe ba mu kaɗai ya dama ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya nuna duniya tana amfani da yashi da tsakuwa kimanin tan biliyan 50 kowace shekara. Gini dole ne, mai buga bulo ma abinci yake nema. Amma idan aka yi rami a gindin gaɓa, gonar da ke sama ita za ta biya.

ABIN DA ZA KA YI

1. Bar fili aƙalla taku goma tsakanin kunyar ƙarshe da bakin gaɓa. Kada garma ko fartanya ta taɓa shi. In gonarka tana bayan kwana, ƙara faɗinsa.
2. Dasa jema. Saiwarta tana nutsawa fiye da tsayin mutum, kuma ambaliya ba ta cika kashe ta ba. Tono gindi guda, ka yayyage shi, ka datse ganyen. Dasa a jere tare da tsawon gaɓa, rabin taƙi tsakanin gindi da gindi. Yi layi biyu ko uku.
3. Yi dashen da faɗuwar damina, cikin watan Yuni, don ta kama kafin ruwan Agusta. Inda ta mutu, ka sake cikewa.
4. Bayan jema, ta wajen tudu, sa gamba. Bar giyayya da bagaruwa da giginya da ka tarar a wurin.
5. Ja kunyoyinka a gicciye, kada su fuskanci gulbi.
6. Ƙaramin kwazazzabo, toshe shi tun yana ƙarami da turaku da rassa da duwatsu.
7. Ku zauna da makiyaya a gaban mai gari ku tsai da burtali da mashaya guda inda gaɓa ba ta da tsayi. Kada kowa ya nome su.
8. Masu yashi su ɗiba ta cikin kwana inda ruwa ke tara shi, sama-sama, nesa da gada da gindin gaɓa.

Za ka ce, "To Malam, taku goma ai asara ce." Ba asara ba ce. Daga nan za ka yanki ciyawar zana da jinka da abincin tumaki. In ka hana gaɓa taku goma, gulbi zai ƙwace fiye da haka.

GARGAƊI

A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a jiharmu, a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum. Daga dutsen zinari da ake dakawa a gida ta fito. Dalma ba ta ruɓewa, tana nan cikin ƙasa shekara da shekaru. Saboda haka kada ka ɗebi yashi daga inda ake wankin zinari don daɓe ko yaɓe. Kada yara su yi wasa a wurin, kada a shayar da dabbobi ko a yi lambu a can.

KA TUNA

Gaɓa guda ce, daga gonarka har ta maƙwabcinka. In kai ka dasa shi bai dasa ba, ruwa zai shigo ta wajensa ya zagayo ka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ku yi aikin gayya. Don ƙarin bayani, nemi Malamin Gona na yankinku.