Tunawa da Dokta Yusufu Bala Usman, Malamin Tarihi

Idan aka ambaci marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, wanda Allah ya yi wa wafati a Zariya ranar 24 ga Satumba, 2005, abin da yake fara zuwa zukatan jama'a shi ne ɗan gwagwarmaya mai faɗa wa mahukunta gaskiya komai ɗacinta. Amma waɗanda suka zauna gabansa a Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, suka sha daga tafkin iliminsa, sun san cewa kafin siyasa da muƙami, shi mu'allimi ne, kuma a kan karantarwa ya ƙare rayuwarsa. Allah ya jiƙansa da rahama.

An haife shi a Musawa a shekarar 1945, cikin gidan sarautar Katsina, ga kuma nasaba da gidan sarautar Kano ta wajen mahaifiyarsa. Wanda ya gaji irin wannan asali, ya kuma dawo daga Jami'ar Lancaster ta Ingila da digiri a zamanin da masu ilimin boko suke ƙalilan a Arewa, da ya so rawani ko babbar kujera, ba za ta gagare shi ba. Sai ya ɗauki alli, ya fara koyarwa a Kwalejin Barewa, daga nan ya koma jami'a, inda ya yi almajirci wurin Farfesa Abdullahi Smith.

A ganina, mafi girman abin da ya bar wa ɗalibansa shi ne ladabin tahƙiƙi, wato kada a karɓi riwaya sai an san mai riwaya, kamar yadda malaman hadisi ba sa ƙulla hukunci sai sun bi diddigin isnadi. Ga misali, masana da yawa sun ɗauki littattafan Heinrich Barth, Bajamushen matafiyi da ya kira kansa Abdulkarim, wanda ya shiga Katsina a 1851, tamkar hujjar da ba ta da ja. Shi kuwa Dokta Bala sai ya zaunar da Barth gaban shari'ar ilimi, yana tambayar wa ya aiko shi, a hannun wa ya sauka, daga bakin wa ya ji labari, kuma wane ra'ayi ya ƙunso daga Turai game da baƙar fata. Da wannan ma'auni ya rubuta littafinsa kan sauye-sauyen da suka auku a ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, inda ya nuna cewa jihadi bai fassaruwa da rikicin Haɓe da Fulani kawai, domin a ƙarƙashinsa akwai mas'alolin mulki, da haraji, da fatauci, da matsayin malamai.

Ya shiga hidimar ƙasa, ba shakka. Yana cikin kwamitin tsara kundin tsarin mulki da aka kafa a 1975, inda shi da Dokta Segun Osoba suka saɓa wa jumhuru, suka rubuta nasu rahoton daban. Ya kuma riƙe muƙamin sakataren gwamnatin Jihar Kaduna zamanin Gwamna Balarabe Musa. Da wannan ya wuce, aji ya koma.

Gidansa ma makaranta ne. A cikin jama'ar jami'a a Samaru, tsakanin littattafai da muhawarar malamai, ya yi renon zuriyarsa, bai kuma tauye 'ya mace a sha'anin ilimi ba. Ɗiyarsa Hadiza Bala Usman tana cikin waɗanda suka jagoranci neman a ceto 'yan matan Chibok a 2014, sannan a 2016 aka ba ta shugabancin Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Nijeriya. Cibiyar bincike ta CEDDERT, wadda ya assasa tare da abokansa a Zariya, ita ta ci gaba da tattara rubuce-rubucensa tana buga su bayan rasuwarsa.