Zaren da Ke Hana Roba Fashewa

Shirinmu na yau ya duba yadda ake haɗa abu biyu masu gautsi su zama abu guda mai wuyar karyewa.

Roba mai tauri irin ifoksi, in ta daskare ita kaɗai, da zarar ta sami 'yar tsaga sai tsagar ta zarce har gefe. Gilashi ma haka yake. Amma a 1920 injiniyan Ingila A. A. Griffith ya nuna cewa gilashin da aka ja ya zama siririn zare ya fi kaurarre ƙarfi nesa ba kusa ba, domin ƙananan tsagogin jikinsa sun ragu. In an shimfiɗa dubban irin wannan zare cikin roba, tsaga tana tafiya sai ta ci karo da shi, dole ta karkata ta bi gefensa ko ta zaro shi daga cikin robar, kuma a nan ƙarfin dukan yake ƙarewa. Dalilin da ya sa magina ke cuɗa ramno cikin ƙasar gini ke nan. Sai dai riƙon da ke tsakanin roba da zare ya zama matsakaici, domin in robar ta manne wa zaren ƙam, tsagar yanke shi take yi ta wuce. Da wannan dabara aka ƙera jikin motar Corvette a 1953, kuma kusan rabin nauyin jirgin Boeing 787 irin wannan haɗi ne, galibi na zaren kabon.

Akwai masu cewa ƙarfe ya fi amana, kuma maganarsu tana da tushe. Ƙarfe yakan lanƙwashe kowa ya gani, ita kuwa roba mai zare tana iya rabuwa falle-falle daga ciki alhali fuskarta sumul. Sukan kawo misalin Titan, ƙaramin jirgin ƙarƙashin teku mai jikin irin wannan haɗi da ya murƙushe a watan Yunin 2023, mutum 5 suka rasa rayukansu. Amma ƙarfin zare a wajen ja yake, ruwan teku kuwa dannawa yake yi, kuma bincike ya nuna jikin jirgin ya riga ya lalace aka ci gaba da nutsewa da shi. Wannan sakacin mutane ne. Ƙorafin da ya fi wuyar amsawa shi ne na shara, tunda irin wannan roba ba ta narkewa a sake sarrafa ta, har an binne tsofaffin fukafukan injinan lantarki na iska a jihar Wayomin ta Amurka. Don haka wurinta shi ne inda rage nauyi ya zama dole, kuma wajibi ne a riƙa duba cikinta da na'ura a kai a kai.