Kashi 90 na Tafkin Chadi da Yadda Ɗalibanmu Ke Laluben Bayani a Intanet

Kwanakin baya ɗan yayata, wanda ke shekarar ƙarshe a wata babbar makaranta a nan Maiduguri, ya kawo mini babi na biyu na kundin bincikensa in duba masa. A kan masuntan Baga yake rubutu. Layin farko ya ce Tafkin Chadi ya ƙafe da kashi 90 cikin ɗari kuma har yanzu ƙafewa yake yi. Na tambaye shi inda ya samo. Ya miƙo mini wayarsa mai tsagaggiyar fuska, ya ce, "Kawu, ai ko'ina haka aka rubuta."

Maganarsa gaskiya ce, kuma abin da ya tayar mini da hankali ke nan. Tafkin ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 25,000 a shekarun 1960, ya koma wajen 2,000 bayan farin shekarun 1970 da 1980. Amma wani binciken tauraron ɗan'adam da ya fito a mujallar Scientific Reports a 2020 ya nuna cewa cikin shekaru ashirin da suka gabace shi tafkin bai ci gaba da raguwa ba. Maƙalar kyauta take a intanet. Yaron da ke zaune gari ɗaya da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi bai taɓa cin karo da ita ba, domin babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa yadda ake neman abu. A ganina wannan ne tushen cutar.

Ɗalibi yakan kwashi taken kundinsa gaba ɗaya ya zuba wa Google, ya ɗauki abu uku na sama. Waɗanda ke sama kuwa galibi shafukan masu sayar da tsofaffin kundaye ne, kowa ya kwafi ɗan'uwansa. Da ya sa muhimman kalmomi biyu cikin alamar zance, injin zai kawo su a jere kamar yadda ya rubuta. Da ya ƙara filetype:pdf, rahotanni za su fito a maimakon talla. A Google Scholar, ƙarƙashin kowace maƙala akwai mahaɗin da ke nuna waɗanda suka ambace ta daga baya. Ta nan mai riƙe da tsohon adadi yake gano ko an gyara shi. Akwai kuma AJOL, rumbun mujallun Afirka, inda malamanmu na gida suke bugawa.

Borno tana da nata tarkon na musamman, wato sunaye. Wanda ya rubuta Borno kaɗai ya rasa tsofaffin littattafan da suka ce Bornu. Kukawa a wasu rubuce-rubucen Kuka ce, Dikwa a takardun Jamusawa Dikoa ce, Maiduguri kanta Yerwa ce, Rabe kuwa ana rubuta shi Rabih, Rabeh ko Rabah. Sannan ƙasashe uku daga cikin huɗun da ke kewaye da tafkin da Faransanci suke aikin hukuma, kuma masanan Faransa sun shafe shekaru suna auna ruwansa. Duk wanda bai gwada rubuta Lac Tchad ba ya rufe wa kansa babbar ƙofa, alhali manhajar fassara tana cikin wayarsa. Haka aikin haɗin gwiwar jami'o'in Frankfurt da Maiduguri kan kayan tarihin Gajiganna da kwale-kwalen Dufuna, wani ɓangarensa da Jamusanci yake.

Za a ce mini ai matsalar wuta ce da tsadar data. Ban musa ba. Mun ga watannin da aka katse layukan waya a 2013, mun zauna cikin duhu bayan an farfasa turakun lantarkin hanyar Damaturu a 2021, ambaliyar Alau ta Satumban 2024 ta cinye littattafai da kwamfutocin mutane, a farkon 2025 kuma aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50. Sai dai tsadar nan ita ce ma ta wajabta iya nema. Mai data kaɗan shi ya fi buƙatar ya samu abinsa a bugu ɗaya.

Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 abin ya ƙara rikicewa, don manhajar takan ƙirƙiro sunan marubuci da mujalla da shekara, a nema a rasa. Ɗalibin da bai iya bin sawun maƙala ba ba zai gane an ba shi jabu ba. Malamin da aka jibga wa kundaye rututu shi ma ba lallai ya kama ba. A haka kuskure ke samun sa hannu, ya hau kanta, na baya ya zo ya kwafa. Gobe wannan ɗalibin ne zai rubuta wa ma'aikata ko ƙungiyar agaji rahoto a kan manoma da masunta.

Roƙona ga malamai masu duba kundi da ma'aikatan ɗakunan karatu, daga Laburaren Ramat na Jami'ar Maiduguri zuwa na ƙananan kwalejoji: kafin a amince wa ɗalibi da take, a zaunar da shi gaban kwamfuta ko da na awa biyu ne, ya nemo maƙaloli biyar da hannunsa, ya buɗe kowace a gaban malaminsa.