Mita Kaɗai Ba Ta Isa Ba: Zaɓen Na'urar Awo Ga Masu Gyaran Lantarki

Shekarun baya aikin mai gyara a Sifawa da Bodinga bai wuce rediyo da talabijin da fanka ba. Yanzu abin da ake kawo masa ya sauya: inbatar da ke kuka, batirin sola da ba ya kai asuba, cajar waya, firijin da ke ɗumama, da allon sarrafa famfon rijiyar burtsatse. Garin Sifawa, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ya shiga zamanin sola kamar sauran ƙauyukan hanyar Shagari, amma kayan aikin mai gyara ba su bi sawu ba. Har yanzu mita ce a hannunsa, da kawuya, da kunne.

Mita lamba ɗaya take bayarwa. Ta ce bolt 230, shi ke nan. Ba ta faɗin yadda siffar wutar take, ba ta kuma san abin da ya faru da ƙarfe uku na dare ba. Na'urori biyu ne ke cike waɗannan giɓi, kuma mutane kan ɗauka abu ɗaya ne alhali aikinsu ya sha bamban.

Ta farko ita ce osiloskop, wadda ke zana wuta a kan allo kamar yadda na'urar asibiti ke zana bugun zuciya. Asalinta kwalbar da Bajamushe Karl Ferdinand Braun ya ƙera a 1897, irin wadda daga baya ta shiga tsofaffin talabijin. Wutar gidajenmu tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, kuma idan lafiyayya ce sai ta fito a allo tana hawa da sauka sumul. Inbata mai araha kuwa sau da yawa wutarta mai matakala ce, tana tsalle daga mataki zuwa mataki. Fitila ba ta damu ba. Amma fanka za ta riƙa gurnani, injin firiji ya riƙa zafi, mai gida kuma ya ɗora laifi a kan fanka. Mita mai araha tana iya ma ba da lambar da ba daidai ba a kan irin wannan wuta, domin an gina lissafinta ne a kan wuta mai santsi.

Akwai osiloskop mai allonta, akwai kuma wadda ƙaramin akwati ce kawai da ake jonawa da kwamfuta ta wayar USB, allon kwamfutar ya zama nata. Kamfanin Pico Technology na Ingila ya yi suna da irin wannan, Hantek na ƙasar Sin kuma yana yin masu rahusa. Abin da ke jan hankali a fili yake: ba ta da nauyi, kwamfutar ce ke ba ta wuta don haka ɗaukewar wutar NEPA ba ta tsayar da aiki, kuma ana iya adana hoton a tura wa ogan da ya koya maka aiki a Sakkwato ko Kano ta WhatsApp ya duba.

Lambar da 'yan kasuwa ke fara nunawa ita ce iyakar saurin wutar da na'urar ke iya bi, wadda ake aunawa da megahaz. PicoScope 2204A tana da 10, Hantek 6022BE tana da 20, Rigol DS1054Z mai allonta tana da 50 da ƙofofin awo huɗu. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce na'urar ta ninka saurin abin da za ka auna kamar sau biyar. Inbata da cajar zamani suna kunnawa da kashe wuta sau dubbai goma-goma a daƙiƙa, wasu caja su haura dubu ɗari, saboda haka megahaz 20 ta wadatar da mafi yawan aikin shago. Wanda ya ƙara kuɗi don neman 200 alhali aikinsa inbata ne, ya sayi abin da ba zai taɓa mora ba. Gara ya tabbatar ƙofofin sun kai biyu, domin ya ga wutar da ke shiga da wadda ke fita a lokaci guda, ya kuma gwada manhajar a kan tasa kwamfutar kafin ya biya. Akwatin da manhajarsa ta ƙi hawa, ƙarfe ne kawai.

Ga inda nake so mai karatu ya natsu. A yawancin waɗannan ƙananan akwatuna, ɗan maƙallin da ke rataye jikin sandar awo, wato wayar ƙasa, a haɗe yake kai tsaye da ƙarfen kwamfutar ta cikin wayar USB. Idan ka maƙala shi a inda wuta take a cikin inbata ko a soket, ka shigar da wannan wuta cikin kwamfutarka da hannunka. Wutar da mita ke kira 230 tana kaiwa kusan bolt 325 a ƙololuwarta, ƙananan na'urorin nan kuwa ƙofarsu ba ta jure fiye da 'yan gomiya. Mafi sauƙin asara shi ne kwamfuta ta ƙone. Cire cajar kwamfutar ba ya maganin haɗarin, domin jikinta ne zai ɗauki wutar, yatsunka kuma suna kansa. Hanyar da ta dace ita ce sandar awo ta musamman mai auna bambancin wurare biyu ba tare da ta haɗa su da ƙasa ba, amma tana iya fin akwatin kansa tsada. Wanda siffar wutar kawai yake son gani yana iya sa ƙaramar taransifoma mai sauke 230 zuwa 12, ya auna a ɓangaren 12. Duk wanda zai sayi osiloskop ta kwamfuta bai sa kuɗin wannan kariya a lissafinsa ba, bai gama lissafi ba.

Sai dai a ganina ba osiloskop ce ta fi gaggawa a yankinmu ba. Yawancin ciwon sola a nan ciwo ne mai tafiya a hankali, wanda ba ya bayyana a cikin daƙiƙa. Shi ne aikin na'ura ta biyu, loga, wadda ake bari a wurin tana auna bolt ko zafi lokaci-lokaci tana rubutawa. Idan ta auna sau ɗaya a kowane minti, a yini da kwana za ta tara awo 1,440. Ma'aikatan rigakafi sun riga masu gyara saninta, domin firijin allurar yara dole ya zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma ƙaramar na'ura ce a cikinsa ke nuna ko ya ɗumama da dare.

Ɗauki misalin mai shagon da ya zo yana cewa, "Malam, batirin da ka sa min jabu ne." Batirin dalma mai bolt 12 idan ya cika ya huta yana nuna kusan 12.7. Rubutun loga zai nuna ko ya taɓa cika da rana, da ƙarfe nawa ya fara faɗuwa, ko kuwa wani ne ke jona hita bayan an rufe shago. Zai kuma nuna zafin ɗakin. A Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, ɗakin kwano ya fi haka, kuma sanannen abu ne cewa ran batirin dalma yana raguwa kusan rabi da duk ƙarin digiri goma a kan 25. Farantin sola ma a digiri 25 ake gwada ƙarfinsa, yana rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari da kowane digiri da ya ƙaru, ban da ƙurar hunturu da ke kwanta masa. Ba mamaki Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke da cibiyar binciken makamashi da ta daɗe tana aiki a kan hasken rana. Yanayin nan yana buƙatar awon kansa.

Wajen zaɓen loga, a guji wadda ba ta aiki sai kwamfuta tana kunne. Ba wanda zai bar kwamfutarsa kwana uku a ɗakin batir na wani. A nemi mai batirinta da agogonta, mai rubutawa a katin ajiya irin na waya, wadda za a buɗe bayananta a Excel ba sai da intanet ba. A duba iyakar zafin da aka rubuta mata. Ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi yana iya haɗa tasa da allon Arduino da katin ajiya da 'yan resisto biyu masu rage bolt, tun da ƙofar Arduino Uno ba ta karɓar fiye da 5. Awonta ba zai kai na kamfani daidaito ba, saboda haka sai a gwada ta gefe da gefe da mita mai kyau kafin a kai ta gidan kwastoma.